Walter Knott da matarsa Cordelia: abincin ne ya jawo jama'a, ko wurin wasan?

Malamin Gwallameji:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Tun da aka taso da maganar yadda gidajen abinci da wuraren shaƙatawa ke buɗewa a Bauchi da kiɗa da walima, sannan kafin a je ko'ina a iske an garƙame ƙofarsu, na ga ya dace in kawo tarihin wani Ba'amurke mai suna Walter Knott, wanda aka haifa a 1889 ya mutu a 1981. Asalinsa manomi ne. Ya taɓa gwada noma a hamadar Mojave bai samu abin kirki ba, sai a 1920 ya koma Buena Park a kudancin jihar Kalifoniya, shi da wani ɗan uwansa suka karɓi hayar gona eka 20, suna noman wasu ƙananan 'ya'yan itatuwa masu zaƙi da ɗan tsami irin na can, yana sayarwa a rumfa a bakin hanyar da masu motoci ke bi zuwa bakin teku. A 1927 ya sayi eka 10 nasa na kansa, daga baya ya gina ɗan ɗakin shan shayi inda matarsa Cordelia ke sayar da abin taɓawa. A farkon shekarun 1930 ya samo wasu tsirrai da suka kusa bushewa a wata gona da wani mai suna Rudolph Boysen ya bari, ya raine su har suka yi 'ya'ya manya, ya sa musu sunan mutumin, suka zama abin da aka san gonarsa da shi.

Lokacin kuwa na matsin tattalin arzikin da ya faɗa wa Amurka tun 1929 ne, cinikin gona kaɗai ba ya riƙe gida. A watan Yuni na 1934 Cordelia ta soya kaji ta sayar wa mutum takwas, kowane a kan santi 65, a cikin farantan aurenta. Cikin 'yan shekaru mutane suka riƙa tsayuwa a layi na sa'o'i, musamman ranar Lahadi. Domin kada masu jira su gaji su tafi, Walter ya fara ƙirƙiro musu abin kallo, har a 1940 ya soma harhaɗa wani ƙauye irin na mahaƙan zinariya na dā, yana kwaso tsofaffin gine-gine da kayayyaki daga garuruwan da aka yi ƙaura aka bari. Wannan shi ne asalin Knott's Berry Farm, wanda har yau yana cikin manyan wuraren wasa na Amurka.

Abin da nake so mu duba shi ne tsarin da abubuwan suka bi: gona, sai abinci, sai layi, sai wurin wasa. A ganina mu a nan muna farawa ne daga ƙarshe. Mutum zai zuba jarinsa kaf a lilo da majaujawa da fenti, sannan ya nemo wata ta riƙa dafa shinkafa a gefe, ya zauna jiran jama'ar da ba su da dalilin zuwa sai ranar Salla.

'Yar mai masa, Wunti:
Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara basira. Na karanta da kyau, amma ban ga dalilin da zai sa a ce tarihin mijin ne ba, alhali bisa ga bayaninka wadda ta jawo layin ita ce matar. Da kajinta ba su yi daɗi ba, da babu wanda zai tsaya, kuma da babu wanda za a gina wa abin kallo.

Wannan magana ta taɓa ni ne saboda a cikin irin wannan aikin na tashi. Mahaifiyarmu tun da la'asar take jiƙa shinkafar tuwo, a kai niƙa, a dafa wata kaɗan a haɗa, a zuba yis a rufe ƙullun ya kwana. Kafin kiran sallar asuba ta riga ta hura wuta ta ɗora tanda, kuma da ta ɗebo ƙullun a ludayi ta ga yadda yake zuba ta san ko ya tashi ko yana son kanwa kaɗan. Da an sallame salla za ka ga yara da kwanoni, ma'aikata a kan babura, direbobin da za su kama hanyar Jos, kowa yana miƙo hannu ta saman kan wani, ita kuwa tana juya masa da tsinke ba ta ko ɗaga kai. Miyar taushenta da ƙashin rago ita ce ke dawo da su. Layin da kake magana a kai mu mun gan shi da idonmu, sai dai babu benci ko ɗaya na zama, domin wurin ba nata ba ne, bakin katangar wani ne da ya yi mata alfarma. Ranar da aka sayar da gidan, sabon mai shi ya ce a tashi, aka tashi.

Masar Bauchi ta yi suna har Kano da Abuja ana rubuta sunanta a jikin allo, amma matan da suka yi mata wannan sunan yawancinsu ba su mallaki ko taku goma na wurin da suke suya ba.

Malamin Gwallameji:
Hajiya, maganarki gaskiya ce, kuma ko can ba a danne sunan matar ba, domin gidan abincin har yau da sunanta ake kiransa, kuma ta ci gaba da kula da shi shekaru masu yawa kafin mutuwarta a 1974. Sai dai labarin mahaifiyarki, Allah ya saka mata da alheri, shi ne ya fito da rabon mijin a fili. Kafin a soya kazar farko ya riga ya sayi filin shekara bakwai da suka wuce, saboda haka duk mutumin da ya tsaya a layi a kan ƙasarsu ya tsaya, kuma duk abin da aka gina domin masu jira ya zama nasu. Hannun mai girki da takardar fili, idan ɗaya ya rasa ɗaya, sana'ar ba ta wuce rayuwar mai ita.

Ɗan Pantami, Gombe:
Malam, da girmamawa, ina ganin kwatancen ya yi nisa. Wannan mutum yana zaune ne a gefen Los Angeles a daidai lokacin da birnin ke cika da jama'a, motoci suna yawaita, fita yawon ranar Lahadi da iyali ya zama al'ada, ga wutar lantarki ga ruwan famfo. Ko da bai iya komai ba, hanyar kaɗai za ta kawo masa masu saye.

Ni da yayana mun buɗe irin wannan wuri a Gombe, ɗan fili da lilo da motocin yara masu batir da ɗakin cin abinci. A ranakun ƙaramar Salla da babba sai mun ɗauki ƙarin yara masu taimako, wurin ya cika har mu riƙa mayar da mutane. Da an gama shagulgula kuwa sai wurin ya koma tsit, janareta yana shan man dizal domin firji kada kaji su lalace, albashin maigadi da mai girki yana tafiya, haya tana tafiya. Ma'aikacin da ke jiran ƙarshen wata, idan albashi ya zo buhun masara da kuɗin makaranta ne a gabansa, ba kai yara lilo ba. Ba ƙarancin dabara ba ne ya sa muka rufe, aljihun jama'a ne bai kai ba.

Baban Jahun:
Ɗana na Pantami, Allah ya mayar muku da abin da kuka rasa. Amma ka duba shekarar da Malam ya ambata. A 1934 Amurkawa ma aljihunsu a bushe yake, mutane da yawa ba su da aikin yi, amma duk da haka aka yi layi a kan kazar matar nan. Ina so ka faɗa mana tsakaninka da Allah: a ranakun da babu Salla, akwai wanda yake tasowa daga Jekadafari ko Tudun Wada domin abincinku kaɗai, ko da babu yaro a hannunsa? Idan babu, to maganar Malam ta tabbata a kanku.

Mu da muka ga jiya mun ga lokacin da gidan abincin Mr Bigg's, wanda kamfanin UAC ya fara a Legas a 1986, ya bazu a manyan garuruwan ƙasar nan, kai yaro can ya zama abin alfahari. Suna da gini da na'urar sanyaya ɗaki da jari, amma da masu gasa suka yawaita, kuma ɗanɗanon ya riƙa bambanta daga reshe zuwa reshe, rassa da yawa suka rufe. A daidai wannan lokacin mai balangu da mai tsire da suka riƙe hannunsu ɗaya suna nan a wuraren da muka san su, 'ya'yansu ne ma ke yanka nama yanzu.

Ɗan Pantami, Gombe:
Baba, Allah ya ƙara girma. Masu zuwa domin abinci kaɗai ba su da yawa, wannan haka yake, domin mai girkinmu ta haya ce, kuma an sauya ta fiye da sau ɗaya. Amma ina nan a kan bakana cewa ko da girkin ya fi na kowa, kuɗin mai kaɗai ya isa ya cinye ribar.

Ɗan Alkaleri:
Ina neman izinin manya in shigo da wani gefen. Mu a nan abin da Walter Knott ya sha wahalar ginawa da katako da ƙusa, Allah ya ba mu shi kyauta. Yankari an keɓe shi tun 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, ya zama gandun daji na ƙasa a 1991, sannan ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,000, akwai giwaye da ɓauna da gwanki, ga ruwan Wikki da ke fitowa daga ƙarƙashin dutse garai-garai, ɗuminsa yana nan wajen digiri 31 rani da damina, dare da rana. Duk wanda ya shiga ya ga farin yashin ƙasan ruwan a ƙarƙashin ƙafarsa ba ya buƙatar a yi masa talla.

Ni direba ne, nakan kai baƙi. Daga Bauchi a bi hanyar Gombe zuwa Dindima, a karya dama zuwa ƙofar Mainamaji, daga nan kuma a yi tafiya mai ɗan nisa cikin daji kafin a isa masauki. Abin da nake gani kullum shi ne iyalai da 'yan makaranta suna tahowa da abincinsu a kula tun daga gida, suna kaffa-kaffa da shi kada gwaggon biri ya fizge leda ya haye bishiya. A kan hanyar dawowa, yara sun yi wanka sun gaji, yunwa ta kama kowa, sai ka ji ana tambayata ina za a tsaya a ci abu mai zafi a wuri mai tsabta, inda mata za su sami makewayi da wurin salla. Wato mu jama'ar muke da ita tana wucewa ta ƙofar gidajenmu, abincin da zai tsayar da ita ne ba mu tanada yadda ya kamata ba. Da irin su mahaifiyar Hajiya za su sami fili a mararrabar Dindima, da rumfa da benci da rijiya, ni da kaina zan riƙa tsayar da mota a wurin.

Malamin Gwallameji:
Ɗan Alkaleri ya kawo abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa, domin akwai makamancinsa a tarihin. A 1955 aka buɗe katafaren wurin wasa na Disneyland a garin Anaheim, tazarar da ba ta wuce 'yan kilomita kaɗan ba daga gonar Knott, da jarin da ya ninka nasa nesa ba kusa ba. Mai hankali zai zaci ƙarshen gonar ya zo, amma ba haka ta kasance ba, domin baƙin da suka taso daga nesa saboda sabon wurin da yawansu sun riƙa biyawa ta gonar su ci kaza su ga ƙauyen. Shi kuma bai tsaya ba: tun 1952 ya sa tsohon jirgin ƙasa na gaske da ya sayo daga Kolorado yana zagayawa da mutane, a 1960 aka buɗe wani hawa da ke ratsa kwaikwayon ramin haƙar ma'adinai. Maƙwabci mai ƙarfi ya kawo masa kasuwa ne, tun da yana da abin da maƙwabcin ba shi da shi.

Akwai kuma abin da ya kamata in ambata domin a yi adalci ga ƙorafin Ɗan Pantami. Kusan shekara 28 shiga ƙauyen kyauta ne, abinci da hawa kaɗai ake biya. Sai a 1968 aka kewaye wurin da shinge aka fara karɓar kuɗin shiga, kuma dalilin da aka fi ambata shi ne matasa masu zaman kashe wando da ɓarna da suka fara damun iyalai. Gidan abincin dai an bar shi a wajen shingen, wanda ya zo cin kaza ba ya sayen tikiti.

Baban Jahun:
To, Malam, a nan ne ni mutumin ya ragu a idona. Talakawan da suka tsaya masa a rana lokacin yana ƙaramin manomi su ne suka ɗaga shi, da ya yi ƙarfi kuma sai ya sa katanga tsakaninsa da 'ya'yansu. Idan 'yan iska ne suka dame shi, ai masu gadi ake ƙarawa. Na sha ganin yara a ranar Salla sun yi ado sun tsaya a bakin ƙofar wurin wasa, suna leƙen 'yan uwansu ta tsakanin ƙarafa saboda babu kuɗin tikiti, kuma ban taɓa ganin wannan na ji daɗi a raina ba.

Ɗan Pantami, Gombe:
Baba, a yi mini afuwa, a wannan ina bayan Baturen. Mai gadi ma albashi yake ci, kuma daga ƙofa ake samo shi. Sannan a garuruwanmu abin da ya fi saurin kashe wurin shaƙatawa shi ne suna. Da zarar an ce samari masu shaye-shaye sun mayar da wuri matattara, babu magidancin da zai sake barin matarsa da 'ya'yansa mata su taka shi, kuma wannan sunan ba ya wankuwa ko an sauya fenti. Ƙaramin kuɗin shiga shi ne yake tace mai zuwa da iyali daga mai zuwa neman fitina.

Malamar Islamiyya, Yalwa:
Assalamu alaikum. Ina tare da Baba a tausayin yara, ina kuma tare da ƙanena na Pantami a maganar suna, kuma ban ga saɓani a tsakaninsu ba. Mai wuri zai iya karɓar kuɗi a ƙofa, sannan ya ware wasu ranaku ko wasu sa'o'i na safe ga marayu da 'yan makarantun allo da na Islamiyya ba tare da biya ba, ya ɗauke shi a matsayin sadakar dukiyarsa. Mu da muke fita da ɗalibai mun san abin da muke dubawa kafin mu zaɓi wuri: a rufe da wuri kafin dare ya yi, a sami masallaci da ruwan alwala, a raba makewayin mata da na maza, kiɗa kada ya hana mutum jin maganar na kusa da shi. Wurin da ya cika waɗannan zai sami makarantu a tsakiyar zango, ba sai ranar Salla ba, kuma wannan ma amsa ce ga masu kukan rashin ciniki a sauran ranaku.

'Yar mai masa, Wunti:
Malam, tambayar da ta fi damuna ba a taɓo ta ba tukuna. Bayan su biyun sun mutu, me ya faru da wurin? Ina tambaya ne saboda mu yanzu mahaifiyarmu ƙarfinta ya ragu, mun haɗa kuɗin adashi da gudummawar yayyenmu maza mun saya mata ɗan shago, ƙanwata ce ke suya. Amma mu bakwai ne, kuma na ga yadda shaguna masu ciniki suka watse a unguwarmu cikin wata guda bayan sadakar arba'in, wannan ya ɗauki firji, wancan ya ɗauki janareta, aka sayar da ginin aka raba kuɗin, ba a jima ba kowa ya cinye nasa.

Malamin Gwallameji:
Hajiya, 'ya'yansu huɗu ne, namiji ɗaya da mata uku, kuma dukansu a cikin aikin suka tashi, matan suna kai abinci tebur tun suna 'yan mata. Tun iyayen suna raye aka shigar da su cikin mallakar, kowa da ɓangaren da yake kula da shi, saboda haka mutuwar uban a 1981 ba ta tsayar da komai ba. Sun ci gaba da riƙewa shekara 16, suka sayar da ɓangaren kayan zaƙi na kwalba a 1995, sannan a 1997 suka sayar da wurin wasan ga kamfanin wuraren wasa na Cedar Fair, wanda shi ma ya haɗe da takwaransa Six Flags a 2024. Sunan yana nan, ƙauyen yana nan, ana ci gaba da soya kaza, amma mallaka ta fita daga hannun zuri'ar.

Baban Jahun:
Ashe dai ƙarshenta sayarwa aka yi. To, ina bambancinsu da magadan unguwar su Hajiya, in ban da su sun ɗan jinkirta?

Malamin Gwallameji:
Baba, ranka ya daɗe, bambancin yana da girma. Magadan unguwar su Hajiya sun sayar da firji da bulo, sana'ar ta mutu, ma'aikata suka koma gida. Waɗannan kuwa sana'a mai rai suka sayar a dunƙule, a lokacin da su kansu sun tsufa, kuma gasar manyan injinan hawa ta kai inda iyali ɗaya zai sha wuya kafin ya iya zuba irin kuɗin da ake bukata. Masu aiki sun ci gaba da aiki, garin ya ci gaba da samun baƙi. Ni ban ɗauki wannan a matsayin faɗuwa ba.

Baban Jahun:
Ni dai a wurina abin da uba ya kafa, in ya koma hannun bare, wani abu ya tafi wanda kuɗi ba ya mayarwa. Amma na yarda ya fi a wargaza.

Malamar Islamiyya, Yalwa:
Hajiya, bari in amsa miki ta fuskar da na karanta, sauran kuma ku kai wa malaman gado ko alƙali. Mutane da yawa suna zaton rabon gado yana nufin dole a farfasa dukiya, alhali abin da shari'a ta wajabta shi ne kowane magaji ya san rabonsa kuma ya mallake shi: namiji rabon mata biyu a tsakanin 'ya'ya, miji rubu'i idan akwai 'ya'ya, mata tumuni, bayan an biya bashi an zartar da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba. Idan magada baligai suka yarda, za a iya yi wa shagon kuɗi, a san kason kowa, a bar shi yana aiki a matsayin tarayya, ana raba riba bisa kason. Wanda ya matsu yana son nasa, sauran su saye kasonsa maimakon a sayar da ginin. Idan akwai maraya ƙarami a ciki, waliyyinsa ne zai tsaya masa, kuma a nan ake bukatar taka-tsantsan sosai.

Abu biyu nake ba ku shawara ku yi tun mahaifiyarku tana da lafiya, Allah ya ƙara mata. Na farko, ku rubuta a gaban shaidu kuɗin da kowa ya zuba a sayen shagon, a fayyace ko kyauta aka ba ta ko tarayya ce, domin wannan shi ne abin da ke raba zumunci daga baya. Na biyu, a yanka wa ƙanwarku albashi na aikinta dabam da rabon riba. Ita ce ke tashi kafin asuba tana shan hayaƙi, kuma idan aka ce ladanta ɗaya da na wanda ke zaune a Kaduna yana jiran a turo masa, wata rana za ta gaji ta ajiye tsinken. In kun ga ciniki ya kankama, ku yi wa sunan rajista a hukumar rajistar kamfanoni, ku buɗe asusun banki na sana'ar dabam da na gida.

Ɗalibin tarihi, Yalwa:
Ina gaida iyayena da malamaina. Akwai wani ɓangare na gadon mutumin da nake ganin ya shafe mu. Bai tsaya a kwaikwayo ba, a 1951 ya sayi Calico, wani tsohon garin haƙar azurfa a hamada da aka kafa a 1881 aka watse aka bar shi, ya gyara shi, sannan a 1966 ya miƙa shi kyauta ga hukumar yankin San Bernardino. Wannan aikin kirki ne. Sai dai tarihin da ƙauyen nasa ke nunawa na Turawan da suka kutsa yammacin Amurka ne, a matsayin jarumai, 'yan asalin ƙasar da aka kora daga filayensu kuwa ba su ne masu ba da labarin ba.

Idan wani ɗan kasuwa a Bauchi zai bi sawunsa, kayan suna nan: ragowar ganuwa da ƙofofin gari irin su Wunti da Ran da Nassarawa da Jahun, tarihin Malam Yakubu da ya kafa garin a farkon ƙarni na 19, zanen duwatsu na Geji da Shira, tsofaffin wuraren haƙar kuza a yankin Tilden Fulani, ga kabarin Sa Abubakar Tafawa Balewa a tsakiyar gari. Amma jihar nan gida ce ta Gerawa da Jarawa da Sayawa da Fulani da Hausawa da wasu da yawa, kuma wanda zai gina ƙauyen tarihi domin masu cin masa su zagaya, ya wajaba ya zauna da dattawan kowane ɓangare kafin ya rubuta ko allo ɗaya.

Ɗan Pantami, Gombe:
Ƙanena, ka yi magana mai kyau, amma ka lura cewa maƙeri da masaƙi da majemi da za a zaunar a irin wannan ƙauye ba sa shan dizal, kuma suna sayar da abin da suka yi a gaban mai kallo. Wannan ɓangaren ya fi motocin batir da muka saya dacewa da aljihunmu, domin su batir ɗin da ya mutu sai an aika Kano ko Legas kafin a samu.

'Yar mai masa, Wunti:
Malama, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Kuɗin shagon kyauta muka ba ta, amma da baki aka yi, babu takarda, kuma babban yayanmu ne ya zuba kusan rabi. Zan kira shi a daren nan mu sa ranar da za a zauna da limamin unguwa a rubuta. Ɗan Alkaleri, maganar mararrabar Dindima kuma ka bincika mana wurin mai unguwa ko ana ba da hayar fili a bakin titin, da kuma nisan ruwa daga wurin, domin ƙullu da wanke-wanke ba sa yiwuwa da ruwan saye.

Ɗan Alkaleri:
To, Hajiya, ranar Asabar ina da baƙi, zan tsaya in tambaya in Allah ya yarda. Sai dai ku sani cewa cinikin hanyar na rani ne, daga Disamba zuwa wajen Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe dabbobi suke taruwa a bakin kogin Gaji ana ganinsu sosai. Da damina baƙi suna raguwa, saboda haka kada ku saki shagon cikin gari.